Goron da Ya Kusa Hana Ni Tuƙin Jirgin Sama

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu. Salamarsa ta zauna tare da ku, iyayena da 'yan'uwana na wannan zumunta. Ku ce Amin da ƙarfi mana, ko ba ku karya ba ne yau?

Yauwa, yanzu na ji ku.

Saboda baƙin da ba su san ni ba, sunana Markus, ɗan Mama Saratu mai goro. Ga ta can a layin mata, ta sunkuyar da kai tana roƙon Allah kada in tona mata asiri. A nan unguwar Briqueterie ta Yawunde aka haife ni, nan Birik ɗinmu, bayan layin teloli. Babana tela ne, daga wajen Mubi ya zo, ya rasu ina ajin farko-farko a lise, wato sakandare. Yau aikina tuƙin jirgin sama ne, jirgin fasinja. Ni ne mataimakin kwamanda, wato babban matuƙi, ni ke zama a kujerar dama. Baba Pasto ya ba ni minti goma. Baba, ka yi haƙuri tun yanzu, ba za su ishe ni ba.

Wasu sukan tashi a nan su ba da shaida cewa Ubangiji ya raba su da giya, wasu taba, wasu caca. Ni abin da ya ɗaure ni, in na faɗa dariya za ku yi. Goro ne. To, ga shi har kun fara! Ku yi abinku, ni ma yanzu ina yi. Amma akwai ranar da na zauna a bakin titi a Duwala, ƙato da ni, ina sharɓar kuka saboda shi.

Mama tana sarar goro wurin maƙwabcinmu Alhaji Garba, wanda huhunansa ke zuwa mota-mota, ita kuma ta kasa a tire a ƙofar gida. Kullum da safe sai an buɗe huhu an tsince, mai kyau gefe ɗaya, mai sankara gefe ɗaya, wato wanda tsutsa ta taɓa. Mai sankara ba ya sayuwa, a gidanmu kuma ba a zubar da abin da aka saya. To wa zai ci? Mu 'yan gida. A yanke inda ya lalace, a tauna sauran. Haka na fara, tun ban san ɗacinsa daga daɗinsa ba.

Kafin in kai ajin ƙarshe a lise, mai sankara ya daina isata. Na koma ɗauke mai kyau daga tiren Mama idan ta juya baya. Mama, yau na faɗa a gaban jama'a, ba ɓera ba ne, ni ne. Sai in ci goma a yini ban ji komai ba. In babu shi a kumatuna karatu ba ya shiga, kaina ya riƙa sarawa, in yi ta neman wanda zan yi faɗa da shi. A cikin majami'ar nan, a bencin can na baya, ina waƙa da goro a baki. Ranar Jibin Ubangiji sai in ciro shi in damƙe a hannun hagu, in karɓi gurasa da dama, in na koma wurin zamana in mayar da shi. Ya Ubangiji, ka gafarta mini!

Duk da haka ban taɓa ganin kaina ɗaurarre ba. In na ga mashayi yana tangaɗi a hanyar kasuwar Mokolo sai in kaɗa kai in ce Allah ya shirye shi, ina faɗa ina tauna.

Maganar jirgi kuwa tun ina ƙarami take raina. Ran Asabar nakan taka har filin jirgi in tsaya jikin waya ina kallon saukarsu da tashinsu. Duk matuƙan da nake gani Turawa ne. Sai ga shi shekarar da na ci bak, jarrabawar gama lise, ƙasarmu ta kafa kamfanin jiragenta na kanta, rediyo yana ta faɗa cewa ana son 'ya'yan ƙasa su koyi tuƙi. Ranar na kasa cin tuwo don murna.

Hanya uku ce a gabana. Akwai aikin ofis da aka riga aka yi mini alkawari a wata ma'aikata, albashi duk ƙarshen wata, in zauna kusa da Mama. Akwai hanyar soja, su koya maka tuƙi kyauta amma ka zama nasu. Sai ta uku, hanyar jirgin fasinja. Ita wannan, gwamnati za ta biya maka karatu a Faransa in ka ci jarrabawarsu, amma an gaya mana a fili cewa wanda ya riga ya yi awoyinsa a ƙaramin jirgi, ya sami takardar farko, shi ake fara dubawa. Awoyin nan kuwa da aljihunka za ka biya, kuma awa ɗaya a sama ta fi cinikin Mama na wata guda.

Maganar soja Mama ta kashe ta a tsaye. Ta ce, "Ban haifi ɗa don a koya masa jefa wa mutane wuta daga sama ba." Sai na ce to shi ke nan, zan karɓi aikin ofis. Ta dube ni ta ce, "Kana so?" Na fara kame-kame. Ta ce, "Tambayarka nake yi, kana so?" Na ce a'a.

Babana ya bar mana abu ɗaya tak, fili a unguwar Tsinga. Shekara da shekaru yana ɗinki har idonsa ya raunana kafin ya mallake shi. Burin Mama a duniya ta gina ɗaki biyu a wurin ta huta da gidan haya. Bayan sati ɗaya da wannan magana ta dawo gida da yamma, ta kwance bakin zane, ta ajiye mini kuɗi a kan tabarma. Ta ce, "Filin babanka ne. Je ka hau jirginka." Na ce, "Mama, me kika yi?" Ta ce, "Na sayar. Kada ka dame ni da surutu, ɗebo mini ruwa."

'Yan'uwa, da kuɗin filin nan na koyi tashi. Ƙaramin jirgi ne mai kujera biyu, malamina a gefe yana yi mini tsawa. Ranar da ya sauka ya ce in tashi ni kaɗai, na kewaya na ga jajayen rufin gidajen Yawunde a ƙarƙashina, na yi ta ihu ni kaɗai ina cewa Halleluya. Na sami takardar farko. Na zauna jarrabawar gwamnati, sunana ya fito. Birik ta ɗauka! Daga masu nama har teloli, babu mai kirana Markus kuma, sai Kwamanda.

Abu ɗaya ya rage, babban gwajin lafiya a Duwala. Wanda aka yi mini a farko ɗan duba ido da kunne ne kawai. Wannan kuwa har zuciya ake aunawa da na'ura. In ka wuce, sai Faransa. In ka faɗi, a ba na bayanka gurbinka.

Kun san al'adarmu a unguwar nan. Mai tafiya ba ya fita haka kawai, sai ya bi gida-gida ya yi sallama, kuma babu dattijon da zai sa maka albarka hannu wofi. Kowane zaure na shiga, a yi mini addu'a, a miƙo goro. Wa ya isa ya ƙi karɓar goro daga hannun babba? Alhaji Garba kuwa da kansa ya shiga ɗakin ajiya ya zaɓo mini manya-manya, farare tas, irin waɗanda yake ɓoye wa manyan baƙi. Ya ce, "Ɗana, riƙe wannan, ka ji ƙarfin zuciya a gaban Bature." Na bar Yawunde aljihu biyu cike, har da ƙunshi a jaka.

A jirgin ƙasa fargaba ta kama ni. Ina tuna filin Tsinga, ina ɓare goro. Tasha bayan tasha, ban san adadin da na ci ba kafin mu isa.

A takardar da suka aiko mini an rubuta in zo da sassafe, ciki babu komai. Ni kuwa mai bin doka ne. Ban ci burodi ba, ban sha kunu ba, ko shayi ban kurɓa ba. Amma ku gaya mini, a Birik wa ya taɓa kiran goro abinci? Goro ai shi ake ci in babu abinci! Muka zauna a benci tun bakwai na safe har wajen sha ɗaya ana kiranmu ɗaya-ɗaya. Yunwa ta taso, na danne ta da na Alhaji. Ta sake tasowa, na sake dannewa. Kafin a kira sunana na ga bayan guda shida, ina ta yaba wa kaina cewa na cika umarni.

Likitan Bafaranshe ne, bai daɗe da zuwa ƙasar nan ba. Ya kwantar da ni, aka manna mini wayoyi a ƙirji, na'ura ta fara zana layi a doguwar takarda. Ni kaina ina jin zuciyata tana duka kamar ana sussuka, ta yi gudu, ta tsallake, ta sake kwasa. Ya dubi takardar ya ɓata fuska. Ya auna jinina ya ƙara ɓata fuska. Ya ce in miƙe hannuwana, yatsuna suna ta rawa.

Ya ce, "Kana shan giya?" Na ce a'a. "Taba?" A'a. "Kofi?" Na ɗaga kai da alfahari na ce, "Likita, ni Kirista ne, ba na shan komai." Bai tambaye ni goro ba, ni ma ko a raina ban kawo shi ba.

Ya ajiye alƙalami ya ce, "Saurayi, da irin wannan zuciya ba zan ba ka rayukan mutane ka hau sama da su ba." Ya ce saboda ƙuruciyata zai sake gwada ni bayan wata ɗaya, sau ɗaya tak. In ya ga abin da ya gani yau, magana ta ƙare.

Na fito ban san inda nake jefa ƙafa ba. Na zauna a bakin titi na yi kuka mai isata. Na gama yarda ciwon zuciya gare ni, na cinye filin marayu a banza. Kuma kun san abin da na yi ina cikin kukan? Na sa hannu a aljihu na ɓare wani.

Dawowata Birik ita ce tafiya mafi tsawo a rayuwata. Tun daga bakin layi ake ɗaga mini hannu, "Kwamanda, yaushe ne tafiya?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na faɗa wa Mama komai. Ba ta ce uffan a kan fili ba. Ta ɗaura ɗankwali ta nufi gidan Baba Pasto. Kafin yamma an yanke shawara, zumuntar mata za ta yi azumin kwana uku domina, daga safe zuwa faɗuwar rana, ni ma in yi tare da su.

Ranar farko, ko sha biyu ba ta yi ba, kaina ya fara sarawa. Na zagaya bayan ɗaki wajen da muke shanya, na ciro ɗan ɓari na jefa a baki. Ina cikin lumshe ido sai na ji motsi. Mama ce, da bokiti a hannu.

Ta ce, "Buɗe bakinka."

Na ce, "Haba Mama, ni fa ba yaro ba ne."

"Markus, na ce buɗe bakinka."

Na buɗe. Ta ajiye bokitin a hankali. Ta ce, "Ranar da na sayar da filin babanka ban yi kuka ba, amma yau zan yi. Mata sun rufe kasuwarsu suna kwance a majami'a da yunwa dominka, har da tsofaffin da ba su da lafiyar kansu. Kai mai ciwon kana nan bayan ɗaki kana tauna?"

Na ce, "Mama, goro ne fa kawai."

Ta ce, "In kawai ne, tofar."

'Yan'uwa, ku saurare ni da kyau. Na yi niyyar tofarwa, bakina ya ƙi. Ina tsaye gaban uwata tana hawaye, haƙorana suna ci gaba da tauna, raina yana cewa bari dai in haɗiye ruwan tukuna. A nan idona ya buɗe. Ni da nake kaɗa wa mashaya kai, rabin yini na kasa ba Ubangijina. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko a gaban likita.

Na zube a gwiwa a wurin, cikin ruwan wanki. Na ce, "Ya Yesu, na zo roƙonka ka gyara mini zuciya saboda likita, ashe akwai wani maigida a cikina da ba kai ba. Ba ni da ƙarfin korarsa. Ko zan tuƙa jirgi ko ba zan tuƙa ba, ka kwance ni!" Mama ta dafa kaina tana addu'a da ƙarfi har maƙwabta suka leƙo. Sai na tofar. Na juye aljihuna duka a cikin bokitinta. Halleluya!

Kada wani ya ce muku daga nan sai daɗi. Kwana biyu kaina kamar ana faskare a ciki. Ina hamma, ina gumi, ina jin haushin kowa, har kazar maƙwabta na yi wa masifa. Amma duk lokacin da hannuna ya nufi aljihu sai in kira sunan Yesu, in kurɓi ruwa in rana ta faɗi.

A rana ta uku da la'asar Alhaji Garba ya shigo duba ni, don ya ji an ce Bature ya gano ciwo a ƙirjina. Ya same ni kwance a tabarma na ɗaure kai da ɗankwalin Mama. Ya zauna, ya yi mini sannu, ya sa hannu a aljihu yadda ya saba ya miƙo mini goro. Na ce, "Baba Alhaji, ka yafe ni, na bari." Ya ce, "Ka bari? Kai? Tun yaushe?" Na ce kwana uku. Ya ce, "To yaya ƙirjin?" Sai a lokacin na lura. Na dafa, na ji shiru, zuciyar tana tafiya a hankali abinta. Na ce, "Baba, yau kam ban ji dukan ba."

Alhaji ya ƙura mini ido. Ya ce, "Tsaya. Ranar da za ka ga Baturen nan, ka ci goro?" Na ce na ci. "Nawa?" Na ce shida da safen, ban da na jirgin ƙasa. "Ciki babu komai?" Na ce ai haka suka rubuta.

Ya cire hula ya dafe kai. Ya ce, "Innalillahi! Maman Markus, fito ki ji! Wallahi ni na kayar da yaron nan da hannuna. Duk mai sayar da goro ya san wannan. Ranar da sabon kaya ya sauka na wuni ina ɗanɗanawa, ƙirjina yakan yi ta bugu har in kasa zama. Da azuminmu ya kama kuwa sai ya kwanta. Yaron nan ba shi da ciwon komai, gorona ne a jikinsa!"

Mama ta saki guɗa a tsakar gida. Ni kuwa na tashi zaune ina dariya ina kuka. Ku duba aikin Allah! Na roƙe shi ya kwance ni daga igiya ɗaya, ashe ita ce ta ɗaure har jirgin. Kuma bai aiko mini amsa ta bakin likita ko Pasto ba, sai ta bakin mai sayar da goron kansa.

Abin da Alhaji ya yi bayan nan ba zan manta ba. Mutumin da goro ne abincinsa, shi ya bi zaure-zaure yana cewa, "Duk wanda ya ba Kwamanda goro, ni da shi ne." Har masu tebur na bakin masallaci ya ja wa kunne. Na zama mutum ɗaya a duk Birik da ko da kuɗinsa ba za a sayar masa ba. Mama kuma ta ɗauke tirenta daga ƙofar gida ta koma kasuwar Mokolo, kullum ta tafi a ƙafa ta dawo a ƙafa, don kada in riƙa jin ƙamshin. Kafin ta shigo ɗaki sai ta wanke hannu da sabulu.

Sau ɗaya na kusa faɗuwa. Wani baƙo da bai san dokar Alhaji ba ya kawo goron gayyatar suna, ya tarar ni kaɗai ne a gida, ya danƙa mini biyu ya wuce. Na tsaya da su a tafin hannu, yawu ya cika mini baki. Babu mai ganina. Na ce, "Yesu, kai kana gani." Na fita da gudu ba takalmi na kai wa tsohon da ke gyaran keke a bakin layi, na dawo ina haki.

Wata ya cika, na koma Duwala. A wannan karon sallamar da aka yi mini ta ban dariya ce. Dattawa su yi addu'a, hannu ya tafi aljihu, sai su tuna, su fito da shi wofi suna 'yan kame-kame. Wani ya ba ni dabino, wani alewa.

Likitan nan dai na tarar. Aka manna wayoyi, na'ura ta fara zane. Na rufe ido ina kiran sunan Yesu a zuci. Ya yage takardar ya duba. Ya ciro ta wancan watan ya jera su. Ya sake sa na'urar. Ya sa na hau matakala na sauka sau da yawa, ya sake aunawa. Ni kuwa ina ta ganin fuskar Mama a raina.

Can ya ce, "Wane magani ka sha?" Na ce ban sha komai ba. Ya ce, "Kada ka yi mini ƙarya, zuciya ba ta canzawa haka cikin wata ɗaya." Sai na gaya masa gaskiya duka, tun daga mai sankara har shidan da na ci a bencinsa. Ya zaro ido ya ce, "Shida? Kafin gwajin zuciya? Na rubuta maka kada ka ci komai!" Na ce, "Likita, a unguwarmu ba a lissafa shi cikin abinci." Ya kira wani ma'aikacinsa ɗan ƙasa ya tambaye shi ko haka ne. Mutumin ya ce, "Haka ne, Likita," yana magana yana ɓoye nasa a kumatu.

Baturen nan ya yi dariya har ya share hawaye. Ya ja takardata ya buga hatimi, ya sa hannu. Ya ce, "Zuciyarka lafiya lau take. Je ka koyi tuƙi." Yabo ga Ubangiji! Ku taya ni cewa Halleluya!

Ban tsaya jiran komai ba, na ruga gidan waya na buga wa Alhaji telgiram, don shi ke da adireshin da aka sani. An ce da takardar ta iso, bai ma jira an gama karanta masa ba ya fita ba hula, ya ɗauki tasi har Mokolo ya nemo Mama a cikin kasuwa. Matan da ke kusa da ita suna nan, su za su ba ku labarin rawar da ta taka.

Karatun Faransa shi ma da nasa kuɗin, ko da ba na aljihu ba. Na sha sanyi, na sha kaɗaici, na koyi Turancin Ingilishi dole don da shi ake magana da hasumiyar filin jirgi. An yi bikin ƙanwata ba na nan. Na sa hannu cewa zan yi wa kamfani aiki shekaru masu yawa kafin in sami 'yancin zuwa wani wuri. Abokaina da suka karɓi aikin ofis sun yi aure sun haihu, ni ga ni tuzuru, iyayena mata ku ji da kyau. Filin Tsinga kuwa wanda ya saya ya riga ya gina, ba zan yi muku ƙarya in ce ya dawo ba, har yau muna gidan haya. Amma duk wata shida ana manna mini wayoyin nan, kuma ba a taɓa sake samun komai ba. Tun ranar bayan ɗakin nan goro bai sake shiga bakina ba.

Kada ku fita ku ce Markus ya ce goro zunubi ne, ku kashe wa Mama kasuwa. Ku saya, ku ci daidai misali. Ni dai ya zama mini ubangida, shi ya sa aka raba mu.

Satin da ya wuce aka sa ni layin Garwa, na samo wa Mama kujera, karonta na farko a jirgi. Na roƙa aka ba ta ta jikin taga. Muka tashi lafiya, kwamanda ya bar mini sauka, na ajiye jirgin a hankali ko girgiza babu. Fasinja suka fara fita, na taso da sauri na ce, "Mama, kin ga gajimare? Kin ga kogi?" Ta ce, "Wane gajimare? Tun da aka rufe ƙofa idona a rufe yake. Kai kana aikinka a gaba, ni ma ina nawa a nan."

Sai ta ce in matso. A gaban kwamanda, a gaban ma'aikata da sauran fasinja, ta kama rigar aikina ta jawo ni, ta ɗora kunnenta a ƙirjina. Ta daɗe tana saurare. Ta ɗago ta ce, "Lafiya lau take bugawa. Na gode, Yesu." Kwamandan ba ya jin Hausa, amma na ga ya juya yana goge ido.

Saboda haka na tsaya a gabanku yau in ce na gode wa Allah Uba da ya ba ni irin wannan uwa, na gode wa Yesu da ya kwance ni, na gode wa zumuntar mata da suka ji yunwa domina. Ku riƙa sa Alhaji Garba cikin addu'a, Allah ya saka masa da alheri. Kai kuma ɗan'uwa, ke 'yar'uwa, in akwai wani abu da kake cewa ai ƙarami ne kawai, gwada ajiye shi rabin yini saboda Ubangiji. In hannunka ya ƙi saki, kada ka ji kunya, kawo shi wurin Yesu yau ɗin nan. Ya ji ni a durƙushe cikin ruwan wanki, zai ji ka a inda kake. Ku dogara gare shi. Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa har abada. Amin!